Dutsen Burtali na Sha Bakwai

Abin da na fara gani lamba ce. Na je Gumbin Kure gaida Baffanku Ummaru wata ranar Juma'a, ana tsakiyar dashen albasa, na shiga cikin gida na duƙa zan ɗebi ruwa a randar matarsa Ige, sai idona ya faɗa kan abin da randar take zaune a kai. Dutse ne na siminti mai kusurwa huɗu, an kwantar da shi a gicciye. Danshin randar ya sa gansakuka ta rufe shi, amma a gefe guda ana ganin inda aka zana ɗaya da bakwai tun simintin yana ɗanye. Na sha shan ruwan randar nan shekara da shekaru, ban taɓa lura ba sai ran nan.

"Ige, ina kunka samo wanga dutse?" na tambaye ta.

"Kai dai sha ruwanka, akawu. Ko shi ma rubuta shi za ka yi? Yayanka yat tono shi cikin gona tun ina amarya. Shi ka tare ruwa cikin fangalin albasa."

Na sha ruwa, na yi dariya, muka shiga wata maganar. Na koma Jega na manta.

Ina rubuta wannan ne saboda na san abin da kuka ji. Kun ji a gidajen biki, daga bakin 'yan uwanku na Gumbin Kure, cewa ubanku ya sayar wa Fulani gonar wansa. Babu wanda ya tambaye ni a cikinku, kuma na gode da wannan kunyar, amma gara ku ji yadda abin ya gudana daga wanda ya yi shi. Ba zan wanke kaina ba. Zan dai faɗi abin da ya faru bi da bi.

A lokacin ni akawu ne a ofishin kula da dabbobi a Jega. Aikin ba shi da yawa in ba lokacin rigakafi ba, don haka yawancin yini ina zaune ne da ɗan littafin soyayya a cikin aljihun tebur, irin waɗanda ake shimfiɗawa a tabarma a bakin tasha. Tun ina saurayi nake karanta su, kuma har na yi furfura ban daina ba. Mahaifiyarku Kulu takan ce ta auri mutumin da rabinsa yake cikin takarda. Abin da nake so a littattafan nan shi ne ƙarshensu, inda waɗanda aka raba tun shafin farko suke haɗuwa. Ku riƙe wannan, domin yana da hannu a abin da na yi.

A bayan teburina akwai kabad, a cikinsa akwai wata tsohuwar rajista mai baƙin bango, tun zamanin da Aliero da Maiyama suke ƙarƙashin Jega. A cikinta aka rubuta burtalolin yankinmu, wato hanyoyin da aka ware wa shanu su bi tsakanin gonaki zuwa mashaya. Kowane burtali an kafa masa duwatsun siminti masu lamba, kuma rajistar ta faɗi kowane dutse na wane burtali ne, da mashayar da yake kaiwa. Abin da ba ta faɗi ba shi ne ainihin inda dutsen yake. Sai dai ta ce kusa da tsamiya, ko gabas da tsohuwar rijiya, tsamiyar kuwa an sare ta tun kafin a haife ku. Saboda haka rajistar ba ta da amfani ga kowa. Duk rani Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke zaune yamma da Gumbin Kure, yakan zo ofis ya cire malfarsa ya zauna a benci, ya ce hanyar ruwa ta toshe, shanunsu sai sun zagaya ta kan kwalta, kuma bara ma mota ta kashe masa saniya da ɗan maraƙinta.

"Akwai hanya, akawu. Da ƙahwata na bi ta bayan babana. Akwai dutse."

"Ina dutsen, Ardo?"

Sai ya buɗe tafin hannuwansa. Ni kuma in rubuta cewa ya zo, in sa takardar a fayil, in koma ga littafina.

A shekarar da nake ba ku labari wata malama ta zo daga Aliero, sunanta Rukayya, da kwamfuta a jaka da takardar izini daga sama. Tana cikin wasu masu aikin tattara bayanan ƙauyuka, rijiyoyi, hanyoyi da kasuwanni, su sa su a intanet inda kowa zai iya gani ya yi amfani da su ba tare da ya nemi alfarmar wani ba. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da ta shigo na riga na tsara labari a kaina, da ni a ciki, har da yadda zai ƙare. Ita kuwa ta kira ni Baba, ta tambayi inda za ta sa cajin kwamfutarta. Labarin ya mutu a nan, kuma da na ba Kulu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Rukayya ta bayyana mini aikin da sauƙi. Ta ce ofisoshinmu kowanne yana da nasa sani, amma sanin ba ya gaisawa da na maƙwabcinsa. Abin da suke yi shi ne su ba kowane abu, rijiya ce ko ƙauye ko dutse, adireshi guda ɗaya wanda ba ya canzawa. Daga nan duk wanda ya san wani abu game da shi sai ya rubuta a gajeren layi mai gaɓa uku: abin, da dangantakar, da abin da ya danganta da shi. Rijiya kaza, tana cikin, Alelu. Alelu, yana cikin, Jega. Idan ofishin lafiya da ofishin ruwa suka yi magana a kan rijiya ɗaya da adireshi ɗaya, kwamfuta za ta gane abu ɗaya suke nufi, ta ƙulla maganganun biyu. Ta ce sunan abin buɗaɗɗun bayanai masu ƙulle da juna. Ta kuma ce ba a sa sunan mutum sai da yardarsa, gona lamba ce kawai.

Da na nuna mata baƙar rajista sai ta shiga juya shafukan a hankali. Sannan ta gaya mini cewa a ofishin safiyo, wato masu auna ƙasa, ta samu wata takarda mai jerin duwatsu masu lamba da ma'aunin inda aka kafa kowanne, daidai har taku, amma takardar ba ta ce duwatsun na mene ne ba, su ma can ba su sani ba. A ofishin gona kuma akwai jerin gonakin fadama da aka auna da waya lokacin rajistar taki. Takardu uku, a gari ɗaya, shekara da shekaru, babu wadda ta san da 'yar uwarta. Ni da nake da irin zuciyar da na gaya muku, sai na jawo rajistar gabana. Na ce mata ni zan shigar da rajistar da hannuna.

Wata biyu ina yi. Ta koya mini, ta koma Aliero, takan leƙo ranar kasuwa. Ina shigar da dutse, sai ɗigo ya bayyana a taswira a inda masu safiyo suka auna shi, sai layi ya miƙe daga ɗigon baya ya same shi. Na daina buɗe aljihun tebur. Wasu shafukan gara ta cinye su, waɗannan Rukayya ta ce in rubuta cewa ba su karantuwa, kwamfuta za ta ja miƙaƙƙen layi tsakanin duwatsun da aka sani har a samu wata shaida. Shafi shida na yi wa haka.

Sai na iso burtalin da ya gangara fadamar Gumbin Kure. Na shigar da na sha biyar, na shigar da na sha shida, na juya shafi. Rubutun yana nan garau, ko ɗigon gara babu. Na duba ma'aunin masu safiyo kafin in danna komai, na ga inda ɗigon zai sauka: tsakiyar gona mai lamba, wadda ba ni bukatar a gaya mini sunan mai ita, domin a cikinta na koyi riƙon fartanya. Nan take randar Ige ta dawo mini, da gansakukar, da ɗaya da bakwai.

Akwai wani abu kuma. A daidai dutse na sha bakwai burtalin yake yin gwiwa. Idan na ce shafin ba ya karantuwa, layin zai miƙe daga na sha shida zuwa na sha takwas, ya bar gonar Yaya, ya ratsa ta maƙwabcinsa, wani tsoho da ake kira Malam Dodo, wanda bai taɓa tono dutsen kowa ba.

Na rufe kwamfuta, washegari da sassafe na hau babur zuwa ƙauye. Na sami Yaya yana ban ruwa, wandonsa a naɗe, injin yana ta ƙara. Albasar ta yi kyau a shekarar, ganyen ya yi duhu har yana sheƙi. Ku sani, Baffanku shi ya tsaya gona lokacin da mahaifinmu ya rasu don ni in ci gaba da makaranta, kuma duk shekara buhun farko na albasarsa gidanmu yake zuwa kafin ko ɗaya ya tafi kasuwar Aliero. Ya kashe injin, na gaya masa komai. Ya saurara yana goge hannu a riga.

"Kac ce gara ta ci wasu?"

"Ta ci, Yaya."

"Nawa?"

"Shida."

"To ta ƙara ɗaya."

Na ce masa layin zai faɗa kan gonar Malam Dodo.

"Layi cikin akwatin bature! Wa ka ganin shi? Lawali, ni ban saci ƙasar kowa ba. Baba yab bar man ita, shanu ba su bi nan ba tun kana tsirara. Dutse na gani shina tare man ruwa, nic cire. In da wata takarda, mi as sa ba a kawo ta ba shekara talatin?"

Gaskiya ya faɗa. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wurin ne jarumin yake miƙewa ya yi magana mai tsawo har kowa ya yi hawaye. Ni cewa na yi zan duba. Ya tayar da injinsa.

Kwana uku ban taɓa shafin ba. Kulu ta lura ba na cin abinci sosai, ta matsa mini, na gaya mata. Tana tankaɗe ne, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, in ka bari, na san ka, sai ka bi ka ishe mu da tsaki har ka mutu. In ka rubuta, ba ka da wa. Ɗauki wadda kaka iya ɗauka, ka bar ni in yi tuwo."

Zan so in ce muku na yi don Ardo Buba da saniyarsa, ko don Malam Dodo. Sun zo mini a rai, ba na musu. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne na kasa jure ganin layin a karkace alhali na san inda ya kamata ya bi. Wata biyu ina kallon abubuwan da aka raba suna haɗuwa a hannuna, na kasa zama wanda zai yage shafin ƙarshe. Wannan ba jarumta ba ce. Hali ne, irin wanda mutum yake tsufa da shi. Ranar Litinin da hantsi na rubuta gaɓa uku: dutse na sha bakwai, yana kan, burtalin fadamar Gumbin Kure. Ɗigon ya sauka, layin ya yi gwiwarsa ya gangara ruwa.

Ban kai ƙarar kowa ba, ban gaya wa kowa ba. Abin da ban gama fahimta ba a lokacin shi ne ma'anar a ce abu a buɗe yake: ba ya jiran mai kai rahoto. Kafin wata ya ƙare, wata 'yar ƙanwar Ardo da ke karatun aikin jinya ta gani a wayarta, aka bugo taswirar a takarda a wani shago a Maiyama, aka kai wa hakimi. Aka yi zama. Ba a ma kira ni ba, domin ba a bukatata: rajistarmu, da ma'aunin safiyo, da jerin gonaki duk suna nan a ƙulle, kowa yana iya bin zaren da kansa ya ga daga ina kowace magana ta fito. An ce da aka je da waya aka tsaya a kan ma'aunin, aka tona kaɗan, sai ga guntun gindin simintin da ya karye ya saura a ƙasa. Aka yanke cewa a bar Baffanku ya cire albasarsa ta bana, daga nan a buɗe hanya. Abin da ya fita daga gonar ya kusa kashi ɗaya cikin uku, kuma ɓangaren da ya fi danshi ne. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, akwai wasu manoma a sama da shi, amma shi kaɗai ne ƙaninsa ya rubuta.

An gaya mini shi da kansa ya ɗora dutsen a amalanke ya mayar, bai yarda kowa ya kama masa ba. Ige ta ɗora randarta a kan tsohuwar taya. A shekarar buhun albasa bai zo Jega ba. Kulu ta sayo a kasuwa, ta zuba a inda muka saba zubawa. Da na je gaisuwar Salla ya amsa sallamata, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, sannan ya tashi ya ce yana da wurin zuwa. Ige ce ta rako ni zaure.

"Akawu, ka sha ruwa ko? Yi hankali da tayar, kar ka ga lamba jikinta."

Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba. Haka muka zauna shekara shida. Ba gaba muke yi ba, ana gaisawa, ana zuwa jana'iza. Buhu dai bai sake zuwa ba.

Aikin kuwa ya ci gaba ba tare da ya damu da mu ba. Masu rigakafin shanu suka daina yawo a daji suna tambayar ina ruga take, sai su duba mashayar da kowane burtali yake kaiwa su jira a can. Wani makaniken famfo a Alelu yakan duba rijiyoyin burtsatsen da aka ce sun lalace ya tsara zagayensa kafin ya sayi mai. Wata damina da gudawa ta yi yawa a wasu ƙauyuka wajen Giwa Tazo, ma'aikaciyar asibiti ta haɗa ƙauyukan da inda suke ɗiban ruwa, ta ga duk rijiya ɗaya ce, aka rufe ta aka gyara. Direbobin da ke ɗaukar albasa daga Aliero su ma an yi musu wani abu a waya da yake gaya musu kwalbatin da ruwa ya cinye, kuma a kan adireshin hanyoyin nan aka gina shi. Waɗanda suka yi waɗannan ba su san ni ba, ba su san Rukayya ba, wadda ta yi aure ta koma wata jiha. Wani lokaci kuma bayanan sukan yi kuskure, a sa rijiya a inda babu, sai wani ya gani ya gyara. Ban ce wannan ya biya gonar Baffanku ba. Abu biyu ne daban, kuma ban taɓa iya auna ɗaya da ɗaya ba.

Ana saura 'yan watanni in yi ritaya, kwamitin manoma da makiyaya na yankin ya ce kowane dutse a sa masa mai kula, wanda zai faɗa in an taɓa shi, kuma a rubuta sunansa in ya yarda. Ina zaune a ofis da rana sai na ji an yi sallama. Baffanku ne, da sandarsa, ya rame. Bai taɓa taka ofishin nan ba a rayuwarsa. Ya zauna a bencin da Ardo yake zama, ya dubi kwamfutar kamar yadda ake duban kare mai cizo.

"Nan ciki dutsen yake?"

"Nan yake, Yaya."

"To rubuta ni. Ni nit tono shi, ni nis san raminai. Jiya ma wani sakarai ya ɗaure jaki gare shi."

Na ce sai ya yarda a sa sunansa kowa ya gani.

"Kowa bai riga ya gani ba? Rubuta. Ka sa da na Baba."

Na rubuta gaɓa uku, na juya masa fuskar kwamfutar duk da ba ya karatun boko. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce albasar bana ba ta yi ba, tsutsa ta shiga, ya tashi ya tafi. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Bayan sati biyu mai babur ya sauke rabin buhu a ƙofar gida, ƙanana, wasu har sun fara tsiro.

Ya riƙe dutsen nan shekara huɗu. Yakan shafa masa farar ƙasa bayan damina, yakan yi faɗa da manomi in ya matso da kunya, ya yi faɗa da makiyayi in saniya ta leƙa fangali, har Fulanin suka riƙa kiran wurin da sunansa. Ya rasu a farkon rani, kun je jana'izar. Har yanzu ina da izinin gyara a shafukan burtali, kuma ƙa'ida ita ce in mai kula ya rasu a cire sunansa a sa na wani. Kwamitin ya aiko mini da sabon suna tun bara. Na buɗe shafin ya fi sau goma. Layin yana nan yadda na rubuta shi: dutse na sha bakwai, mai kula da shi, Ummaru ɗan Abdu. Ni da na ƙi tsallake shafi ɗaya yana raye, ga shi na bar wannan a haka, kuma ban ce gara ce ta ci ba.